Hoton A'i da Ƙwaryar Ladidi

Duk wanda ya taɓa sauka Matankari da jaka a kafaɗa da tambayoyi a baki ya san gidan Ladidi mai fura. In ma bai sani ba, direban da ya kawo shi zai nuna masa, don tun daga tasha ake gane ɗan anket: yana gaida mutane yana duba agogo. 'Yan anket su ne ɗaliban da ake turowa daga jami'a a Yamai su yi bincike, su tambayi mutane abin da suke ci da abin da suke shukawa da yawan 'ya'yan da suka haifa, su rubuta su koma. Ladidi ta haura shekara talatin tana saukar da su.

Ba ita ta nemi aikin ba. Mijinta, marigayi Bilal, direban motar haya ne tsakanin Dogon Dutsi da Matankari, mutum mai kwashe-kwashe, wanda ko akuya ya tarar ta ɓata sai ya kawo ta gida a ba ta dusa. Wata damina ya shigo da wani siririn saurayi mai tabarau, ruwa ya yi masa dukan tsiya, ya ce wa Ladidi ga baƙo, ba shi da kowa a garin. Sunansa Ishaku, ya zo binciken al'adun Arewa. Aka ce kwana biyu zai yi. Sai da aka yi girbi aka kai hatsi rumbu sannan ya tafi.

Har yau in Ladidi ta tuna lokacin, sai fuskarta ta saki. Ishaku ya bi Bilal gona, ya yi noma mai ban tausayi, hannunsa ya yi kanta, yara suka yi ta yi masa dariya shi ma yana taya su. Ya ci tuwo da miyar yakuwa har ya daina tambayar cokali. Ya je suna, ya je jana'iza, ya san wa ke fushi da wa a unguwa. Yana kiranta Inna, alhali da kaɗan ta girme shi. Bayansa wasu suka biyo, kowa ya ce wa na bayansa in ka je Matankari ka nemi Ladidi. Aikinta shi ne ta yafa mayafi ta shiga gaba, ta yi sallama a ƙofar gida ta ce baƙonta ne. Shi ke nan, sai a shimfiɗa tabarma. Ba a mayar da baƙon maƙwabci a garin, balle na Ladidi, wadda kusan kowane gida an sha furarta ranar da ba a ɗora tukunya ba.

Danga ɗaya ce ta raba gidanta da na ƙawarta A'i. Shekara guda aka kawo su unguwar, suka yi goyo tare, suka yi daka tare. A jikin dangar akwai wata kafa da awaki suka fara, matan suka ƙarasa. Ta nan ƙwarya take wucewa kowace hantsi. Ladidi ta miƙa fura, ƙwaryar ta dawo da gujjiya ko ɗan zogale ko daddawa, abin da dai ya samu, don ba a mayar wa mutum ƙwaryarsa wofi. Ƙwaryar ta taɓa tsagewa, A'i ce ta ɗinke ta da hannunta.

A'i tana da doguwa a kanta, iskar da ta gada daga kakarta. Kowace shekara bayan girbi takan ware rana guda ta yi mata hidima cikin ɗaki, ƙofa a rufe, daga mai goge sai tsofaffin matan gidan. Ladidi ba 'yar bori ba ce, nata dai ta dama fura ta zauna a bakin ƙofa. Ishaku ya ji labarin wannan rana, ya sa wa Ladidi naci, yau roƙo gobe magiya, har ta gaji ta leƙa ta kafar danga.

“Ƙawa, ki bar yaron nan shi shiga shi gani,” in ji ta. “Na gida na.”

A'i ta sunkuyar da kai ta daɗe, sannan ta ce, “To.”

Ya shiga da na'urar ɗaukar hoto a jaka. Daga bakin ƙofa Ladidi ta ga haske ya walƙa, ba ta damu ba. A zamanin hoto abin murna ne, Ishaku ya ɗauki kowa a unguwar har da jakin mai ruwa, ba wanda ya taɓa tunanin inda hoto yake zuwa bayan an ɗauka.

Shekaru suka ja. Ishaku ya zama babban malami a Yamai, aka ce ya rubuta littafi da Faransanci, ba wanda ya gan shi a Matankari. Ɗan farin A'i, Muhammad Awwal, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce “mai shago”, ya girma ya buɗe shagon kayan babur a Dogon Dutsi. Ya shiga cikin samarin da suka riƙe karatun addini da ƙarfi, ya gina wa uwarsa ɗakin siminti, ya roƙe ta ta bar bori. Ta bari, aka daina jin goge a gidan. Shi kuma in magana ta taso a masallaci yakan ce tsohuwarsa ba ta taɓa yin nisa cikin abin ba.

Sai wani ya ci karo da littafin, ya ɗauki shafin da wayarsa. Nan da nan hoton ya zagaye wayoyin 'yan kasuwar Dogon Dutsi: A'i da ƙuruciyarta, doguwa a kanta, ga sunanta da sunan garin a ƙasa. Awwal ba mugun yaro ba ne, kunya ce ta ci shi har ya kasa zama a shago. Ya zo gida bai ɗaga wa uwarsa murya ba. Ya tattara sauran kayan borin da ta ɓoye a ƙarƙashin gado ya sa a buhu ya tafi da su, bayan mako ya dawo da magina. Aka cire danga aka ɗora katangar bulo, har ta fi tsawon mutum.

Ladidi ta dama fura ta zagaya ta titi, abin da ba ta taɓa yi ba. A'i ta karɓa, ta juye a kwanonta, ta wanke ƙwaryar tas ta miƙo mata ba komai a ciki.

“Ke kinka ce na gida na,” in ji A'i, ta koma ɗaki.

Ladidi ta aika wa Ishaku saƙo ta bakin wani direba. Abin da ya dawo shi ne turmin atamfa da ban haƙuri, shi ma ta bakin direban. Ta jefa atamfar a ƙasan akwati, ba ta ɗinka ba. Ƙwaryar kuwa ta rataye ta a ɗaki. Tun daga nan in sun haɗu a gidan suna sai gaisuwar da ake yi wa kowa. Ƙafafun A'i suka yi nauyi, idonta ya rage, ta daina fita. Ladidi takan ji tarinta ta bayan katanga, kuma abin da take tsoro ɗaya ne: a fitar da ɗayarsu a makara ba su sake zama a tabarma guda ba.

Ba ta daina saukar da 'yan anket ba, amma na yanzu ba irin na da ba ne. Kwana biyu ko uku suke yi, da ruwansu na roba, da wani allo mai haske a hannu da suke kira tablet. Kafin su yi tambaya ko ɗaya sai sun karanta wa mutum dogon bayani, cewa yana iya yarda yana iya ƙi, ba za a faɗi sunansa ba, ba abin da zai same shi. Matan unguwa sukan ce “to” tun ba a kai rabi ba, don tuwo yana kan wuta. Ladidi tana ganin ladabinsu, amma tana kewar na da, masu zama har su san sunan akuyar gida.

Bara bayan girbi aka turo mata biyu, Kamal da Rumaisa'u. Aikinsu tambayar mata yadda suke ajiye abinci zuwa bazara. Kamal yaro ne mai fara'a da saurin baki. Da ya ga gidajen da aka ba shi suna can tungayen bayan gari, ga rana ga yashi, sai ya sami inuwar gawo ya zauna ya riƙa amsa wa matan da kansa. Ladidi ta tarar da shi a hanyarta ta dawowa daga kasuwa, ya ɗora yatsa a baki yana dariya ya ce, “Se pa grav, ba komai, Inna, duk amsarsu guda ta.” Rumaisa'u kuwa 'yar Dogon Dutsi ce, doguwar hijabi har ƙasa, ba ta da yawan magana, kuma ba ta tsallake ko kalma ɗaya cikin dogon bayanin nan, ko da mai gida ta fara hamma.

Da la'asar suna ɓarar gujjiya a tsakar gida, Ladidi ta tsokane ta.

“Ke ɗiyata, wanga dogon karatu da kuke yi ma mutane kahin tambaya, wa ya koya muku shi?”

“Darasi na guda, Inna, etik ake ce mishi. Ana koya muna yadda za mu yi bincike ba mu cuci kowa ba.”

“In an koya muku, sai ku bar cuta?”

Rumaisa'u ta yi murmushi ta dubi ɗakin da Kamal yake barci. “Shi ya zo na ɗaya a jarrabawar.”

Ladidi ta yi dariya har da riƙe ciki. Yarinyar ta ji kunya ta shiga kare darasin. Ta ce malaminsu, Purofesa Ishaku, ba wasa yake da shi ba. Kowace shekara, ranar farko, sai ya rufe tagogin aji ya haska wani hoto a bango, wata mata ce a wani gari, iska a kanta, an ja baƙin layi an rufe mata idanu. Sai ya ce shi ya ɗauka, bai tambaye ta ba, kuma hoton ya ɓata mata zaman gida. Ta ce ajin yakan yi tsit, har wasu su share hawaye.

Hannun Ladidi ya tsaya a cikin gujjiya.

“Da hwarin zane da jan ɗankwali?” ta tambaya. “Da munduwar jan ƙarhe a hannun hagu?”

“Inna, ƙaƙa kinka sani?”

“Munduwar tawa ta. Ni na ara mata.”

Daidai nan A'i ta yi tari a bayan katanga. Ladidi ta nuna wajen da haɓa ta ce, “Ga ta nan.” Sannan ta ba ta labarin tun daga ranar da Bilal ya shigo da baƙo. Da ta gama ta ce, “Shi malamin naku, ya tambaye ta kahin shi riƙa nuna muku ita kowace shekara?”

 Daga baya Rumaisa'u ta faɗa wa Ladidi cewa duk zamanta a ajin nan ba ta taɓa kawowa a ranta matar tana raye ba, ta ɗauke ta misali ne kawai na cikin darasi. Ta kuma faɗi gaskiyarta: ita ba ta son bori ko kaɗan, yayyenta masallaci ɗaya suke salla da Awwal, kuma Purofesa Ishaku shi ne zai duba aikinta na gama karatu, in ya ɓata rai da ita shekara ta tafi. Ladidi ta ce mata ta bar zancen, ba nauyinta ba ne.

Washegari da hantsi yarinyar ta fito ba tablet a hannunta, ta ce a nuna mata ƙofar gidan A'i. Ladidi ta ji tsoron a fama ciwon da ya fara bushewa. Amma ta ga yarinyar ba ta da niyyar fasawa, kuma baƙuwa ba ta shiga gidan tsohuwa hannu biyu. Ta sauko da ƙwaryar, ta wanke ƙurar shekaru, ta dama fura ta rufe da faifai.

“Kak ki ce ni na aiko ki,” in ji ta, sai ka ce A'i za ta kasa gane ɗinkin hannunta.

Tana fita, Ladidi ta tuna awakinta suna bukatar harawa, kuma abin mamaki a gindin katanga suke bukatarta. Daga nan ta ji komai. Ta ji sallama da gaisuwa, ta ji yarinyar ta faɗi sunanta da na ubanta da unguwarsu a Dogon Dutsi. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta ba kwana-kwana: hoton nan ana nuna shi a aji duk shekara don a koya wa ɗalibai kada su yi irin haka, ita ma ta gani, kuma ba ta jin an nemi izinin mai shi.

“Shi na zo tambaya, Inna,” in ji Rumaisa'u, muryarta ta koma irin ta dogon bayanin nan. “Kina iya yarda a ci gaba da nunawa, kina iya ƙi. In kin ƙi, ba abin da za shi same ki, kuma ba wanda za shi ji haushinki.”

Akuya ta cinye harawar hannun Ladidi ba ta sani ba.

“An ce ya ruhe mani ido?” A'i ta tambaya.

“Awo, Inna, don kada a gane ki.”

“Duk Matankari ba mai ido irin nawa lokacin nan. Shi ya samu ya ruhe.” Ta yi 'yar dariya da ta koma tari. “Sake hwaɗa mani wancan na ƙarshe.”

Yarinyar ta maimaita, kalma bayan kalma.

“To na ƙi,” in ji A'i. Ta ɗan dakata, kamar mai ɗanɗana miya, sannan ta ɗaga murya ta yadda za ta haura bulo. “Na ƙi. Ran nan ma ban so ba. Ƙawata ta ta tambaye ni, ƙaƙa zan ce mata a'a?”

Ladidi ta jingina goshi da katanga. Ta sani. Tun ranar da A'i ta sunkuyar da kai ta daɗe kafin ta ce “to” ta sani, son baƙonta ne ya sa ta yi kamar ba ta gani ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Rumaisa'u ta dawo ba ƙwarya. Ta tsaya a tsakar gida ta kira malaminta a waya. Da Faransanci suka yi magana, Ladidi ba ta tsinci komai ba sai sunan A'i da na Matankari. Da ta kashe wayar ta ce ya ce zai cire hoton, kuma zai zo da kansa bayan jarrabawa. Ladidi ta ce Allah ya kawo shi. Ta sha jin irin wannan alkawari daga bakin mutanen Yamai, amma duk da haka ta share ɗakin baƙi ta sake shimfiɗa.

Ran nan da yamma motar ɗaliban ta zo ta kwashe su, Kamal yana ɗaga hannu ta taga, aikinsa ya cika tun jiya. In ka tambayi Ladidi yau ko darasin nan yana gyara yara, sai ta taɓe baki ta ce ita ba ta yi lakwal ba, ba ta san boko ba. Aji ɗaya suka zauna, malami ɗaya ya koya musu, ɗaya ya kwanta gindin gawo, ɗaya ta zagaya katanga. Shi kansa malamin ya yi shekaru yana koyarwa bai tako ba. Amma takan ƙara da cewa kalmomin da yarinyar ta faɗa wa A'i ba daga gidansu ta zo da su ba, a ajin nan ta samo su, kuma a Matankari ba wanda ya taɓa gaya wa tsohuwa ido da ido cewa tana iya ƙi.

Ƙwaryar ba ta dawo ba ran nan. Ladidi ta yi ta saƙe-saƙe, ta ce ko dai wannan karon ko wofin ma ba za a mayar mata ba. Washegari ta yi daka, ta kai fura kasuwa, ta dawo, ba labari.

Sai da la'asar ta ji sallama a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, da ƙarar sanda tana neman hanya. A'i ce. Ta zagayo ta titi da ƙafafun nan nata, tana haki, ƙwaryar a rungume a ƙirji an rufe da faifai. A hannunta na hagu akwai munduwar jan ƙarfe, ta yi mata yawa yanzu har tana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ita kaɗai ce Awwal bai samu ya sa a buhu ba.

Ladidi ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta ji nauyi. Ta ɗaga faifan, dafaffiyar gujjiya ce, da sauran ɗuminta. 

“Hurarki har yanzu citta ta yi mata yawa,” in ji A'i. “Ki ba ni wuri in zamna, ƙawa, hanyar ga da nisa.”

Ladidi ta ajiye ƙwaryar ta ɗauko tabarma.